TARIHIN CIRE GISHIRI DAGA RUWAN TEKU TA HANYAR TURURI

Yau ba maganar saitin waya ko cire makulli za mu yi ba, tarihi na zo mana da shi. Rubutun yana da ɗan tsawo, don haka ka gyara zama.

Makonnin baya wani dattijo da ya dawo daga Umara ya kawo mini wayarsa shago. Ta faɗa teku a bakin ruwan Jidda lokacin da ɗansa yake ɗaukarsa hoto. Nan take aka tsamo ta, aka goge, aka tura ta cikin shinkafa kamar yadda mutanenmu suka saba. Sai da ta kwana tara kafin ta zo hannuna. Da na buɗe, wallahi fanel ɗin ya yi kore-kore da fari-fari kamar an barbaɗa masa kanwa. Ruwan ya bushe ya tafi abinsa, gishirin ya zauna yana cin ƙarfe. Na ɗauko ruwan batir ina wanke wa a hankali da buroshi, sai dattijon ya ce, "Yaro, ka san kuwa ruwan da muka yi ta alwala da wanka da shi a masauki, daga wannan tekun aka ɗebo shi?" Na ce, "Baba Alhaji, na ji ana faɗa, amma ban san yadda ake yi ba."

Tambayar nan ta hana ni sakat, shi ya sa na bi diddigi. Abin da na gano shi ne, raba gishiri da ruwa abu ne mai sauƙi wanda aka sani sama da shekara 2,000. Abin da ya wahalar da ɗan Adam duk tsawon wannan lokaci shi ne kuɗin wutar da za a tafasa ruwan. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk labarin da zai biyo baya a kansa yake tafiya.

ME YA SA BA A SHAN RUWAN TEKU?

Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya mai gishiri ne. A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, wato wajen cokalin cin abinci biyu. Na Bahar Maliya, inda Jidda take, ya fi haka, yana kaiwa wajen giram 40 saboda zafin rana da ƙarancin ruwan sama. Ƙodarka ba za ta iya fitar da fitsari mai gishiri kamar na teku ba. In ka sha kofi ɗaya, dole jikinka ya kashe ruwan da ya fi kofi ɗaya kafin ya fitar da gishirin. Kana sha ƙishirwa tana ƙaruwa. Matuƙan jiragen ruwa na da sun sha mutuwa da ƙishirwa a tsakiyar teku, ga ruwa iya ganinka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa kenan.

SIRRIN YANA KAN MURFIN TUKUNYA

Ka taɓa ɗaga murfin tukunyar miya ka ga ruwa yana ɗiga daga cikinsa? Ɗanɗana ka ji, babu gishiri, ko da miyar ta sha gishiri har ta wuce misali. Dalili shi ne idan ruwa ya tafasa yana zama tururi ya tashi, shi kuwa gishiri ba ya tashi a wannan zafin, a ƙasan tukunya yake zama. Tururin in ya taɓa abu mai sanyi sai ya koma ruwa. Shi kenan aikin: tafasa, kama tururi, sanyaya, tara. Ruwan saman da muke samu da damina ma haka yake zuwa, rana ce wutar, teku ne tukunyar, gajimare ne murfin. Ruwan batir ɗin da na wanke wayar Alhaji da shi, asalinsa ta wannan hanyar ake yin sa.

Mu ma a ƙasashenmu an daɗe da sanin rabin wannan ilimi. Masu yin gishiri a Bilma suna tara ruwan gishiri a ramuka, rana ta shanye ruwan, su kwashe gishirin su yi kantu. A ƙasar Manga da Dallol Foga kuwa dafawa ake yi a kan wuta. Su gishirin suke so, suna barin tururin ya bi iska. Mutanen da za mu yi magana a kansu tururin suke bi, gishirin su zubar.

GIRKAWA DA MALAMAN BAGADAZA

Masanin nan na Girka, Aristotal, wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta a littafinsa na yanayin sama cewa ruwan gishiri in ya zama tururi ya sake komawa ruwa, ba ya dawowa da gishirinsa. Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani mai sharhin littattafansa, Alexander na Aphrodisias, ya bayyana yadda ake tafasa ruwan teku a kama tururin don a sha. Dabarar matuƙan jirgi na wancan zamani ita ce su rataye soso a bakin tukunyar tagulla, soso ya tsotse tururi, su matse su sha. Ka ƙiyasta sau nawa za a matse soso kafin mutum 50 su kashe ƙishirwa.

Waɗanda suka kyautata kayan aikin su ne malaman duniyar Musulunci. Jabir bin Hayyan, da Al-Kindi, da Ar-Razi duk sun yi aiki da wata na'ura da ake kira al-anbiƙ. Tukunya ce mai hula a kai, hular tana da dogon hanci da yake gangarowa cikin kwalba. Tururi ya hau hula, ya huce, ya gangaro ta hancin. Al-Kindi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta littafi guda a kan haɗa turare da tatar sa, mai ɗauke da haɗi sama da 100. Galibin aikinsu turare ne da ruwan wardi da magunguna, abubuwa masu tsada waɗanda ƙaramar kwalba take biyan kuɗin itacen da aka ƙona. Daga Larabci Turawa suka ari na'urar har da sunanta.

SOJOJI DA MATUƘAN JIRGI

A shekarar 1560 rundunar Daular Usmaniyya ta yi wa sojojin Sifaniya da ƙawayensu ƙawanya a wata ganuwa da ke tsibirin Jarba, a gaɓar Tunisiya. Lokacin bazara ne, ruwan da ke cikin ganuwar ya yi ƙasa. Sai waɗanda aka tsare suka harhaɗa tukwane irin na al-anbiƙ suna tatar ruwan teku. Dabarar ta ja musu kwana, amma ruwan bai wadatar ba, abin hura wutar ma ya yi ƙaranci. Bayan wajen wata uku ganuwar ta faɗi.

A Ingila an ba da takardar mallakar fasaha a kan tatar ruwan teku tun 1675, aka sake ba da wata a 1683. A 1772 majalisar dokokin ƙasar ta ba wani likita, Charles Irving, kyautar fam 5,000 saboda na'urarsa. Wayon da ke ciki shi ne a kan tukunyar girkin jirgi ake ɗora ta, wutar da take dafa abinci ita take ba da ruwa. Kyaftin James Cook ya tafi da irinta a tafiyarsa ta biyu, daga 1772 zuwa 1775. Hukuncin da ya yanke shi ne tana da amfani, amma kada kowa ya dogara da ita kaɗai, domin sai da makamashi mai yawa take ba da abin da zai riƙe rai.

Ga wani labari da zai tuna maka da manhajojin nan masu cewa za su ninka maka ƙarfin batir. A 1791 wani mutum mai suna Jacob Isaacks ya kai wa majalisar Amurka buƙata. Ya ce yana da wani haɗin sirri da in aka zuba a ruwan teku za a tace shi da itace kaɗan, a biya shi ya faɗi sirrin. Aka miƙa maganar ga sakataren harkokin waje na lokacin, Thomas Jefferson. Shi kuwa bai tsaya musu ba, ya tara masana aka hura wuta. Aka tafasa ruwa da haɗin, aka tafasa babu haɗin, ana auna itacen da aka ƙona da ruwan da aka samu. Sakamako ya nuna haɗin bai ƙara komai ba. Sai Jefferson ya ba da shawarar a buga bayanin hanyar tatar ruwa ta gargajiya a bayan takardar izinin tashin jiragen ruwa, kowane matuƙi ya samu kyauta.

BARI MU YI LISSAFI DA BATIRIN WAYARKA

Me ya sa wutar take da yawa haka? Kai ruwa ga tafasa ba shi ne babban aiki ba. Mayar da ruwan da ya riga ya tafasa zuwa tururi yana cin ƙarfin da ya ninka sau biyar na ɗaga shi daga sanyin ƙanƙara zuwa digiri 100. Shi ya sa butar shayi take tafasa cikin minti kaɗan, amma ta daɗe a kan wuta kafin ta ƙone ƙurmus.

Don ka tatar da lita ɗaya ta hanyar tukunya da murfi, kana buƙatar wajen kashi bakwai cikin goma na yunit ɗaya na wutar lantarki, irin yunit ɗin da mita take cinyewa. Batirin waya mai lamba 5,000 da yawancinmu muke riƙewa, in ka cika shi sau 30 ba ka kai wannan ƙarfin ba. Wato cajin wata guda cur, lita ɗaya tak. Abin takaicin kuma, duk wannan zafin da ka saya da tsada, da tururin ya taɓa murfi sai ya sake shi ya bi iska. Wanda ya fara tunanin kama wannan zafin a sake aiki da shi, shi ne ya canja tarihi.

BAƘAR FATAN DA YA GYARA LISSAFIN

An haifi Norbert Rillieux a birnin New Orleans na Amurka a 1806. Mahaifiyarsa baƙar fata ce 'yantacciya, mahaifinsa Bature, ya kuma yi karatun injiniya a Faris. A zamaninsa bayi ne suke dafa ruwan rake a manyan kasake, suna kwasa da ludayi daga wannan zuwa wancan, ga ƙuna ga ɓarnar itace. Sukari yake nema ya gyara, ruwan sha bai shigo lissafinsa ba.

Ya dogara da wata ƙa'ida: ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a bakin teku kawai. In nauyin iskar da ke danne shi ya ragu, yana tafasa da wuri. A Jos, saboda tudu, wajen digiri 96 yake tafasa. A ƙololuwar dutsen Everest kuwa wajen digiri 70. In ka rufe tukunya ruf ka zuƙe iskar ciki, ruwa mai ɗumi kawai ma zai tafasa.

Sai Rillieux ya jera rufaffun tukwane, kowace an zuƙe iskarta fiye da ta gabanta. Ta farko kaɗai ake hura wa wuta. Tururin ta farko ya bi bututu ya tafasa ta biyu, na ta biyu ya tafasa ta uku. Kamar dai madambaci, wuta tana ƙasa, tururi yana dafa abin da ke sama. Ya samu takardar mallakar wannan fasaha a 1846. Daga baya masu tatar ruwan teku suka ɗauke ta, domin a wajensu riba biyu ce: tururin yana tafasa tukunya ta gaba, shi kuma yana hucewa ya zama ruwan sha. Wuta ɗaya, ruwa ninki uku ko huɗu. Har gobe akwai manyan matatu da suke aiki da wannan tsari, ana kiransa MED a taƙaice.

A daidai wannan zamani jiragen ruwa masu injin tururi suka yawaita. Su dole ne su samu ruwa mara gishiri, domin gishiri yana kashe tukunyar inji kamar yadda ya kashe fanel ɗin Alhaji. A 1851 Alphonse Normandy ya yi rajistar na'urarsa ta tatar ruwa a Ingila, aka riƙa saka irinta a jirage da tashoshin ruwa masu ƙarancin ruwan sha.

MASU AMFANI DA RANA

Wasu kuma suka ce tunda itace da gawayi ne matsala, a koma wa rana. A 1872, a wani wuri da ake kira Las Salinas cikin hamadar Atacama, yankin da yau yake arewacin ƙasar Chile, injiniya Charles Wilson ya gina akwatunan katako masu baƙin ciki da rufin gilashi a karkace. Faɗinsu ya haura murabba'in mita 4,000. Ana zuba ruwan gishirin da ake samu a ƙasar wurin, rana ta ɗumama shi, raɓa ta taru a gilashi ta gangara cikin kwata. A rana mai kyau ana samun sama da lita 20,000, masu haƙar ma'adinai da alfadaransu suna sha. Ta yi aiki wajen shekara 40.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wata masaniya 'yar asalin Hangari da ke aiki a Amurka, Maria Telkes, ta ƙirƙiro wata 'yar jakar roba da ake hurawa kamar balan-balan. Tana yawo a kan teku, rana tana tatar ruwa a cikinta, domin sojan da jirginsa ya faɗa ruwa. Rana kyauta ce, amma tana da nawa: murabba'in mita ɗaya ba ya wuce lita 4 zuwa 5 a yini. Ta isa ceton rai, ba ta isa shayar da birni ba.

KINDASAR JIDDA

Yanzu mu koma inda wayar Alhaji ta faɗa. Jidda ba ta da kogi. Da can mutanenta da ruwan sama suke rayuwa, wanda ake tarawa a manyan ramukan ƙasa, sai kuma rijiyoyi masu ɗanɗanon gishiri. Ga dubban alhazai suna sauka ta tasharta duk shekara, cikinsu har da kakanninmu da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa suka tsallaka Bahar Maliya. Ƙazamin ruwa da cunkoso sun sha haddasa annobar kwalara a lokacin aikin Hajji.

A 1907 hukumomin Usmaniyya suka kafa injin tatar ruwan teku mai aiki da gawayin kwal a bakin ruwan Jidda. Mutanen gari suka kasa faɗin sunansa na Turanci, suka lanƙwasa shi ya koma Kindasa, kamar yadda mu ma muka samu lagireto da sitiyari. Ruwan Kindasa sayarwa ake yi, masu ɗaukar ruwa suna kai wa gida-gida kamar 'yan ga-ruwanmu. Injin yana yawan lalacewa, in kwal ya yanke kuma ya tsaya. A ƙarshen shekarun 1920 Sarki Abdul'aziz ya sa aka kawo sababbi guda biyu. Garin bai samu sauƙi sosai ba sai a 1947, da aka jawo ruwa da bututu daga Wadi Fatima.

KUWAIT DA MURFIN LAGIRETO

Kuwait ta fi Jidda shiga uku. Da jiragen ruwa na katako ake zuwa Shaɗɗul Arab a ƙasar Iraƙi a ɗebo ruwan kogi, a zo a raba a salka. In iska ta hana jirage tafiya, gari ya kwana da ƙishirwa. Da kuɗin man fetur suka shigo, abin da suka fara nema shi ne ruwa. A 1953 aka buɗe babbar matata a Shuwaikh. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Matatun farko suna da wata cuta. Ka san farin dattin nan da yake manne wa hita ko gindin butar lantarki? A ruwan teku ya fi haka muni. Yana lulluɓe bututun da ke ba da zafi, zafin ya kasa ratsawa, dole a tsayar da inji a kankare.

Maganin ya zo ta hannun wani injiniya ɗan Sikotilan, Robert Silver, wanda yake aiki da kamfanin Weir. A 1957 ya nemi rajistar tsarin da ake kira MSF. Ga yadda yake. Ka taɓa ganin direba ya buɗe murfin lagireto mota tana da zafi? Ruwan yana kwance lafiya saboda a matse yake, ana buɗewa sai ya yi tsartuwa ya zama tururi nan take. To, haka ake yi da gangan. Ana ɗumama ruwan teku zuwa digiri 90 ko 110 a cikin bututu, a matse, ba a bari ya tafasa. Sai a sake shi cikin wani ɗakin ƙarfe da aka rage wa iska. Wani kaso ya yi fat ya zama tururi. Ragowar ya wuce ɗaki na biyu mai ƙarancin iska fiye da na farko, ya sake yin fat. Haka har ɗaki 20 ko fiye. A saman kowane ɗaki akwai bututun da sabon ruwan teku mai sanyi yake bi. Tururi ya taɓa su ya zama ruwan sha ya ɗiga cikin tire, shi kuma sabon ruwan ya kwashi zafin ya tafi da shi. Kafin ya isa wurin wuta ya riga ya yi zafi, ɗan ƙari kawai yake buƙata.

Tunda tafasar ba a jikin bututun wuta take faruwa ba, farin dattin ya ragu. Kilo ɗaya na tururin da aka kashe yana ba da wajen kilo 8 zuwa 10 na ruwan sha. Matatun farko na tsarin Silver sun fara aiki a 1960 a Kuwait da tsibirin Guernsey. Sannan aka ƙara wani wayo: a gina matatar ruwa jikin tashar lantarki. Tururin da ya gama juya injin wuta, maimakon a zubar, sai a tura shi ya ɗumama ruwan teku.

Har siyasa ta shigo ciki. A 1964 gwamnatin Fidel Castro ta Kyuba ta rufe bututun da ke kai ruwa sansanin sojan Amurka na Guwantanamo. Amurka ta kwance wata matatar MSF da ke San Diego, ta loda a jirgi, ta je ta sake haɗa ta a can.

DAGA KINDASA ZUWA YAU

A 1974 Saudiyya ta kafa hukuma ta musamman don tatar ruwan teku. Aka gina manyan matatu a Jubail, ana tura ruwan da bututu sama da kilomita 400 zuwa Riyad. A gaɓar Bahar Maliya kuma akwai matatun Shu'aiba, kudu da Jidda, masu shayar da Makka da Jidda da Ɗa'if. Ka ga maganar Baba Alhaji gaskiya ce. Matatar Ras Al-Khair da ta fara aiki a 2014 an gina ta ne don ta ba da sama da lita biliyan ɗaya a kullum. In da a ledar fiyawata za a ƙulla, leda biliyan biyu kenan duk rana. Kafin a tura wa jama'a sai an mayar masa da ɗan sinadaran da jiki yake buƙata, domin tataccen ruwa zalla salam yake a baki, kuma yana cin bututu.

Sai dai tururi ya samu kishiya. Wajen 1960, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka ƙera wata siririyar fata da ruwa yake ratsawa in an matsa shi da ƙarfi, gishiri kuma ya kasa wucewa. Ana kiran hanyar RO, ita ce wadda masu gidan ruwan leda da na gora da yawa suke amfani da ƙaramarta. Babu tafasa a ciki. Da yunit 3 zuwa 4 na lantarki ake samun lita 1,000. Tuna lissafinmu na baya, tukunya da murfi wajen yunit 700 za su ci kafin su ba da haka. Shi ya sa yawancin sababbin matatu a duniya RO ne, har da wadda aka buɗe a Teshie da ke Akara ta Ghana a 2015. Tururi ya fi riƙe ƙarfinsa a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda gas yake da araha, ruwan kuma yake da zafi da gishiri mai yawa.

Kowace hanya aka bi, akwai saura. Wani bincike da masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2019 ya ƙirga matatu kusan 16,000 a duniya, masu ba da wajen lita biliyan 95 a kullum, suna kuma zubar da wajen lita biliyan 142 na ragowar ruwa mai kaurin gishiri. Yawancinsa teku ake mayarwa, in ba a tsarma shi da kyau ba ya kwanta a ƙasa ya cutar da halittun ruwa. Ga kuma haɗarin dogaro da teku ɗaya. A yaƙin Gulf na 1991, da aka malalar da ɗanyen mai a teku, sai da aka yi ta kafa shinge don kada ya shiga bakin matatun Jubail.

GWADA DA KANKA A GIDA

1. Samu tukunya mai zurfi da murfi mai tudu, da ƙaramin kwanon silba.
2. Zuba ruwa lita ɗaya da gishiri cokali biyu. Ka haɗa tekunka kenan.
3. Ɗora kwanon a tsakiya a kan wani abu da zai ɗaga shi, kada ruwan gishirin ya fantsama ciki.
4. Kifa murfin a juye, marikinsa yana kallon kwanon.
5. Zuba ruwan sanyi ko ƙanƙara a bayan murfin, ka riƙa canjawa in ya yi zafi.
6. Rage wuta, ka bar shi minti 30, ka kashe, ka jira ya huce kafin ka buɗe.

Ɗanɗana na cikin kwanon, sannan ka duba yawansa. A nan za ka gane abin da ya dami Kyaftin Cook. Kilo ɗaya na gas da ƙyar ya ba ka lita 10 ta wannan hanya. Hattara da tururi, ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa. Kada ka bari tukunyar ta ƙafe. Kuma wannan hanya ba ta gyara ruwan da fetur ko kananzir ya shiga, domin su ma tashi suke yi tare da tururin.

Abu biyu daga teburin gyara kafin mu rabu. Na ɗaya, in batirin sola ko na inbata ɗinka mai shan ruwa ne, tataccen ruwan batir kaɗai za ka zuba masa. Ruwan rijiya, na burtsatse, har da na leda, duk suna da sinadaran da suke rage masa kwana. Na biyu, in wayarka ta faɗa ruwan teku, ko miya, ko wani ruwa mai gishiri, kashe ta nan take, kada ka saka caji, kada ka ɓata lokaci da shinkafa. Shinkafa ba ta cire gishiri. Kai ta wurin mai gyara a ranar, a buɗe a wanke.

Wayar Baba Alhaji dai ba ta koma daidai ba, kwana taran nan sun yi yawa. Amma Allah ya taimaka ta kawo wuta na ɗan lokaci, muka kwashe masa hotunan Umararsa gaba ɗaya, har da wanda aka ɗauka a bakin tekun daf da faɗawarta.

Wanda ya gwada na tukunyar ya zo ya faɗa mana ruwa nawa ya samu. Sai mun haɗu a darasi na gaba insha Allahu.